Baba Sittin da Uku a Kurmin Sanyi

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Ya fitar da itace daga ƙwaya, Ya san nauyin kowane reshe tun ba a ƙera ma'auni ba, sannan Ya jarrabi bayinSa da son auna abin da ba za su iya ɗagawa ba. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, wannan tarihin Mu'azu ɗan Hamman ne, wanda aka fi sani da Ubale mai zuma, mutumin Kwarin Dinya a ƙasar Doguwa. Bai riƙe sarauta ba, bai zauna a buzun malanta ba, ko ladanci bai taɓa yi ba, domin ranar da aka gwada shi jama'a suka haɗu a kan cewa muryarsa ta fi amfani wajen korar biri daga gonar masara. An haife shi shekaru kaɗan kafin a datse ruwan Tiga. Sunan kakansa na wajen uba aka raɗa masa, mahaifiyarsa kuwa ba ta kama sunan surukinta, sai ta ce Ubale. Ke nan tun yana cikin zanin goyo aka fara sakaya suna a kansa, kuma a cikin wannan ɗabi'a ya tashi.

Karatunsa bai yi nisa ba. Ya san abin da zai yi salla da shi, ya san farillan alwala, sauran kuwa ya bar wa masu lokaci. Iliminsa yana kan itace. A gabashin ƙauyen akwai wani kurmi da ya bi bakin rafin da ke gangarowa daga duwatsu, ana ce masa Kurmin Sanyi. Da tsakar rana a cikinsa sai ka zaci almuru ta yi. A can Ubale ke rataye amyarsa, wato kwandon ciyawa da ake saƙawa a shafe a turara, ƙudan zuma su shiga su tare. Amya arba'in da biyu gare shi, da su ya yi aure, da su ya ciyar da 'ya'ya bakwai. Ya san kowane itace na kurmin da halinsa: wanda ke fure da wuri, wanda reshensa ke cin amana, wanda kasa ke kwana a gindinsa.

Matarsa Luba 'yar Malam Sha'aibu ce, wani dogon dattijo da Allah Ya hore wa harshe. Malantar tasa ta ladabi ce kawai. Tun yana saurayi aka laƙaba masa Maɗaci, da sunan itacen nan mai ɗacin ɓawo, saboda tsayinsa da abin da ke fita daga bakinsa. Laƙabin ya cinye sunan yanka, amma a bayan idonsa kaɗai. Wani baƙo ya taɓa kiransa da shi a kasuwar Tudun Wada, aka ce tun daga azahar yake wanke baƙon har aka kira la'asar, bai maimaita zagi ɗaya ba.

Ubale kuwa ko a bayan ido bai faɗa. Tun ranar da aka ɗaura aurensa kalmar ta fita daga bakinsa, ta mutum da ta itace gaba ɗaya. Surukinsa Baba ne, itacen ma Baba ne. Idan ciki ya murɗa wa yaro sai ya ce a jiƙa ɓawon Baba. Wata damina ya dawo gida jiƙe sharkaf ya ce, “Luba, Baba ya faɗi cikin rafi, ya karye gida uku.” Ta ɗora hannu a ka, maƙwabta suka cika gida, sai ga tsohon da ƙafarsa ya zo jin wa ya mutu. Daga nan mutanen gari suka saba, har suka daina jin abin a kunnensu.

A kakar shekara ta 1443 bayan Hijira wata mota ta tsaya a ƙofar mai unguwa Abdulmumini, wata mata ta fito, aka ce Dakta Rumaisa ce daga jami'a. 'Yar cikin birnin Kano ce. Ta yi shekaru tana auna dazuzzukan kudu, inda ruwa ba ya ɗaukewa kuma rana ba ta taɓa ƙasa, amma duk daga kan kujera ta auna su. Fanninta taswira ce da lissafi. Ta san itace sarai, sai dai ta ƙeya ta san shi, yadda shaho ya sani.

Ta yi wa dattawa bayani. Akwai taurarin ɗan'adam da ke kewaya duniya, wani yana ɗaukar hoton koren ganye, wani yana harbo haske ƙasa, daga jinkirin komawarsa a san tsayin itace. Da wannan ake ƙiyasta nauyin daji ba tare da an sare ko reshe ba. Sai dai tauraro bai san kauri ba, bai kuma san itace mai ƙwari irin kirya daga fanko irin kuka ba. Don haka dole a sauko ƙasa a zaɓi wurare, a zagaya kowane itace da igiyar awo daidai ƙirjin mutum, a rubuta sunansa, kwamfuta ta haɗa na sama da na ƙasa.

Ubale ya saurara har ta gama, sannan ya ce, “Dakta, idan an san nauyin nasa, wa za a ɗora wa?”

Ta yi dariya ta ce, “Ba wanda za a ɗora wa, Malam. Ofishin daji ne ya ja layi. Kurmin da nauyinsa ya kai layin za a sa shi cikin rajistar tsaro, ba sara, ba gawayi. Wanda bai kai ba, an ɗauka ya riga ya mutu, za a yanka wa jama'a gonaki.”

A nan zancen ya daina ba shi dariya. Idan aka yanka Kurmin Sanyi, ba shi da inda zai rataya ko amya ɗaya. Ya ɗaga ido, sai ya ga surukinsa yana shafa gemu. Kowa ya san shekara ashirin ke nan tsohon yana kallon bakin rafin nan yana ganin rake.

Aikin ya soma da tangarɗa biyu. Abokin aikin Dakta, wanda shi ne masanin sunayen itatuwa, zazzaɓi ya kayar da shi a Tudun Wada aka mayar da shi gida. Ita kuma ranar farko da ta sa ƙafa a kurmin, ƙudan zuman Ubale suka yi mata maraba a fatar ido, fuskar ta kumbura har sai da aka kai ta asibiti. Aka gargaɗe ta kada ta sake. Sai aka yi shiri: ita ta zauna a bakin kurmi cikin inuwar mota da kwamfutar hannu, shi ya shiga da igiyar awo da sanda da aka yanka daidai tsayin da ake so, yana aunawa yana kwaɗo mata. Muryar da masallaci ya ƙi, kimiyya ta karɓa hannu biyu.

“Kanya, ɗari da ashirin.”

“Na ji.”

“Marke, tamanin da biyar.”

“Na ji.”

“Baba, ɗari uku da goma.”

“Me ka ce?”

“Baba.”

A cikin kwamfutar akwai jerin sunayen tsirrai na Hausa, kowanne da fassararsa ta masana. Ta rubuta haruffa huɗun, sai ga shi ya fito: baba, tsiron da marina ke yin shuni da shi, wanda tsayinsa bai wuce ƙugun mutum ba. Malaman lugga sun daɗe suna gargaɗi a kan lafazi ɗaya mai ma'ana biyu. Baban marina da baban gida ba muryarsu ɗaya ba a baki, amma a rubuce tagwaye ne. Ta ji bambancin, ta ɗauka karin harshen ƙauye ne. Kwana tara suna wannan aiki, sau sittin da uku ya ce Baba, sau sittin da uku ta ce ta ji.

Kwamfuta ba ta da kunya, ba ta kuma san mai kunya ba. Da aka koma Kano aka ba ta lissafin, ta ga tsiron shuni mai kaurin da mutum biyu ba za su rungume shi ba, ta yanke hukuncin cewa kuskuren rubutu ne, ta zubar da layi sittin da ukun nan. Su ne kuwa manyan itatuwan kurmin, su ne fiye da rabin nauyinsa. Tauraro ya ce daji ne maƙil, ƙasa ta ce saurar gona ce. Ƙa'idar aikin kuma ita ce idan suka saɓa a bi ƙasa, kamar yadda alƙali ke fifita wanda ya gani a kan wanda ya hango. Kurmin Sanyi ya faɗa ƙasan layi.

Ya kamata a faɗi alherin Dakta Rumaisa. Da wata ce, da ta tura takardar ta huta. Ita abin ya tsaya mata a rai, domin a duk wuraren da ta auna ba inda sama da ƙasa suka yi irin wannan faɗa. Ta bi diddigi har ta gano layukan da aka zubar. Ranar wata Laraba da hantsi ta sake sauka a ƙofar mai unguwa, aka shimfiɗa tabarmi, gari ya taru. Malam Sha'aibu ya zauna a gaba, ya miƙe ƙafa, ya ɗora sandarsa a cinya. Ubale ya rakuɓe can gefe, ya cire takalmi kamar yadda ya saba in tsohon yana wurin.

Bayan gaisuwa ta ce, “Ranka ya daɗe, gobe ake rufe rajista. Ga takardar da ta ce kurmin bai kai layi ba, idan abin da ke cikinta haka yake, ka sa hannu a gaban jama'a in wuce. Amma ina da tambaya ɗaya. Malam Ubale, sau sittin da uku ka ce mini baba. Na tambayi marina a birni, sun ce ko a mafarki ba su taɓa ganin baba mai kaurin mita uku ba. Wane irin baba ne wannan?”

Duk wanda ke kan tabarmin nan ya gane abin da ya faru kafin ta rufe baki. Rabinsu suna son gona, rabinsu suna tsoron harshe, mai unguwa kuwa ɗan ƙanwar tsohon ne, sai ya sami abin kallo a babban yatsan ƙafarsa.

Ubale ya ce, “Dakta, ba na rini ba ne. Babba ne. Mai jan ciki, wanda ake yin ƙofa da shi.”

“To mene ne sunansa?”

“Wanda ake jiƙa ɓawonsa.”

“Malam Ubale, rabin itatuwan ƙasar nan jiƙa ɓawonsu ake yi. Kwamfuta ba ta karɓar kacici-kacici. Ko na je na gani da idona, ni dai itace zan gani. Suna nake so.”

Malam Sha'aibu ya gyara zama. Mutane sun ce ba su taɓa jin muryarsa da taushi irin na ranar ba. Ya ce, “Kai mai zuma, baiwar Allah ta taso tun daga Kano, ka bar ta tana jira. Ai kai ne gwanin itace. Faɗa mata mana. Buɗe baki sosai, kunnena ya yi nauyi.”

“Baba, ai ka sani.”

“Ni? Ina ni ina sanin daji? Ni manomi ne, gonar ce dai ba ni da ita.”

Wasu suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu suna rawa. Kalmar tana nan a kan harshen Ubale, gaɓa uku ce tak, yaro ɗan shekara biyu yana faɗinta. Shekara talatin da ɗaya bai furta ta ba ko shi kaɗai a kan reshe. Ya auna ta da amya arba'in da biyu, ya ga amyar ta fi nauyi, ya buɗe baki, bakin ya ƙi. Ya sake gwadawa, abin da ya fito tari ne.

Sai ya miƙe, ya ɗauki takalmansa a hannu, ya bi hanyar gabas.

Tsohon ya ce, “Kun gani ko? Ya gudu. Tun ranar da ya zo neman Luba na ce yaron nan ba ya tsayawa a gama magana. Abdulmumini, karɓi biro.”

Mai unguwa ya karɓi biro. Allah Ya saka masa da alheri, ya yi ta neman tabaransa a aljihun da ya san ba ya ciki. Ya aika gida a duba. Ya ce a kawo wa baƙuwa fura. Ya tambaye ta lafiyar hanya tun daga Kwanar Dangora, gari bayan gari. Wannan shi ne iyakar jaruntakarsa, kuma ta wadatar, domin kafin ya iso Tudun Wada a tambayar sai ga Ubale yana haki. Ya durƙusa a gaban Dakta ya miƙa mata wani ɗan ɓawo ja, ɗanye, tsawon yatsa.

“Dakta, ki ɗan tauna.”

“In tauna?”

“Kaɗan. Ba ya kisa.”

Ta dube shi, ta dubi ɓawon, ta gutsura. Nan take fuskarta ta tattare wuri ɗaya. Ɗanɗanon ya mayar da ita tsakar gidan kakarta, inda ake toshe wa yara hanci a ɗura musu jiƙo. Ta tofar, ta goge baki da gefen mayafi, ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, “Wannan ai maɗaci ne.”

Da Malam Sha'aibu ya yi shiru, da wataƙila ta zaci magani aka kawo mata, gardama ta ci gaba. Amma abin da mutum ya shekara sittin yana yi ba ya neman izininsa. Kafin hankalinsa ya iso, ƙafafunsa sun miƙe, sanda tana sama.

“Ke yarinya, a gabana? Uban wa ya ba ki sunan nan?”

Ta ja da baya a firgice. Ta dubi tsohon, dogo, jijiyoyin wuya a tsaye. Ta dubi Ubale, wanda ya kafa ido a ƙasa kamar mai neman allura. Ta dubi ɓawon da ke hannunta. Mace ce mai kaifin ƙwaƙwalwa. A hankali ta ce, “Malam Ubale, wannan dattijon mene ne naka?”

“Baba ne.”

Dariyar da aka danne tun hantsi ta ɓalle, har mai unguwa ya ga tabaransa a goshinsa. Dakta ta durƙusa ta ba tsohon haƙuri, ta rantse ba ta sani ba. Sannan ta zauna a nan kan tabarma ta gyara layi sittin da uku ɗaya bayan ɗaya, ta ɗauki hoton ganye da ɓawo don abokin aikinta ya tabbatar. Nauyin kurmin ya haura layi da tazara mai yawa, ya zo kusa da abin da tauraro ya faɗa tun farko. Ba a sa hannu a waccan takarda ba.

Malaman fiƙihu suna da dogon zance a kan hila, wato dabarar da mutum ke bi ya cim ma abu ba tare da ya taka haddi ba, wasu sun halatta, wasu sun karhanta. Malam Sha'aibu yana cikin masu haramtawa. Ya ce da surukin nasa ya faɗi sunan da bakinsa, da ya zage shi kwana uku a wuce wurin, amma ya ɗauko baƙuwa ya ɗura mata sunansa a baki a gaban gari, wannan sai a lahira. Luba ma da farko ba ta goyi bayan mijinta ba. Ta ce, “Malam, kai ka tsira da kunyarka, ni ka bar ni da zuwa gaisuwa.”

Al'adar Ubale ce duk shekara ya kai wa surukinsa ƙwaryar zumar farko. A shekarar nan aka dawo da ita ba a taɓa ba. Shekara ta biyu aka dawo da ita, amma an ɗan lasa gefe, tsohon ya ce kyanwa ce. Gaisuwa kuwa ya daina amsa masa, sai dai ya ce wa na kusa da shi, “Gaya wa likitan ɓawon nan na ji.” Ubale bai taɓa kai ƙara ba. Ya gaya wa wani amininsa cewa a duk zamansa na surukuta bai taɓa samun hutu irin wannan ba.

Kurmin Sanyi ya shiga rajista. Aka kafa allon ƙarfe a bakinsa, awaki suka sami wurin susa. Dakta Rumaisa ta sake zuwa sau biyu don maimaita awo, ta zo da hular raga saboda ƙudan zuma, ta shiga da ƙafarta ta ga itatuwan ta gaba. An ce a jerin sunayen kwamfutarta ta ƙara gargaɗi ga masu aikin da za su biyo baya, cewa kafin a ɗauki mai nuna daji a tambayi sunan surukansa.

Ubale ya rasu a damina ta shekarar 1446, bayan jinyar mako biyu a gida. Ya bar Luba da 'ya'ya bakwai da jikoki, manyan 'ya'yansa biyu suka raba amyar a tsakaninsu, tana nan rataye inda ya bar ta. Malam Sha'aibu, yana da shekara tamanin da 'yan kai, ya ƙi a ɗauke shi a babur, ya taka har maƙabarta. Da aka gama rufewa mutane suka fara watsewa, ya tsaya dogare da sanda ya ce, ba da kowa yake ba, “Mutumin banza. Sau ɗaya ya taɓa kayar da ni, shi ma bai yarda ya yi magana ba.” Sannan ya ɗaga hannu, ya daɗe bai sauke ba.

Ya Allah, bawanKa Mu'azu ɗan Hamman ya zo gare Ka da ɗan karatu da kunya mai yawa. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata masa makwanci, Ka haskaka shi, Ka shirya zuriyarsa, Ka sa mu cika da imani idan tamu ta zo. Amin.